Kwamfuta ta ƙi tashi bayan kunna Secure Boot

Malam, ka ce ka kunna Secure Boot (tsaron da ke hana manhajar da ba a amince da ita ba tayar da kwamfuta) don hawa Windows 11, sai kwamfutar ta ƙi tashi. Kwantar da hankalinka, fayilolinka suna nan.

Galibi faifan ajiyar kwamfutar ne yake kan MBR, tsohon tsarin rabon faifai, shi kuwa Secure Boot sai da UEFI (sabuwar hanyar tayar da kwamfuta) da GPT (sabon tsarin rabon faifai). Koma BIOS (shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi) ka kashe Secure Boot, ka maido da CSM (saitin tayarwa ta tsohuwar hanya), za ta tashi. Kwashe muhimman abubuwanka a filashi. Sannan buɗe Command Prompt (tagar rubuta umarni ta Windows) a matsayin admin, don duba ko faifan zai juyu zuwa GPT ka rubuta mbr2gpt /validate /allowFullOS. In ya amince, maimaita umarnin da /convert a madadin /validate, zai juya faifan zuwa GPT. Daga nan ka koma BIOS, ka kashe CSM don ta tashi ta UEFI, ka kunna Secure Boot da TPM 2.0 (na'urar tsaron da Windows 11 ke buƙata).

Don Allah cika batir tukuna, ka san halin wutarmu a Sakkwato.