Baƙi 18, firiji ɗaya: yaya zan ciyar da dangi a hutun Kirsimeti?

Tambaya: Anti, barka da aiki. A Kaduna nake aure, kuma bana dangin maigida sun ce a gidanmu za su yi Kirsimeti. Da mu da su za mu kai mutum 18, manya 11, yara 7, har da surukata. Za su sauka ranar 23 ga Disamba, wasunsu sai an shiga sabuwar shekara za su koma. Firijina ɗaya ne, wutar lantarki kuma kin san halinta. Ga maƙwabta da muka saba kai wa abinci, yawancinsu Musulmi. Ban taɓa riƙe girkin taro irin wannan ba. Ina tsoron jin kunya, ina kuma tsoron kuɗi su ƙare tun ba a je ko'ina ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Ƙanwata, fara da ƙirga kwanaki kafin ki ƙirga tukwane. Daga 23 ga Disamba zuwa 2 ga Janairu kwana goma ne, wato za ki sauke tukunya wajen sau 30. A cikinsu girkin biki biyu ne kacal: na ranar 25 da na ranar 1 ga Janairu. Sauran duk abincin gida ne. Abin da ke kayar da mata a irin wannan hidima shi ne su tarbi baƙi da kaji da soyayyar shinkafa tun daren farko, kafin ranar 27 nama ya ƙare, a koma garau-garau ana kallon juna. Wanda ya zo kwana goma ya zama ɗan gida, tuwo da miyar kuka ba za su ɓata masa rai ba. Surukarki ma, in dai irin tsofaffin da na sani ce, ta fi son tuwon masara mai laushi da miyar kuɓewa busasshiya a kan shinkafa sau uku a rana.

Sayayya kashi biyu ce. Abin da ba ya lalacewa, shinkafa, wake, masara, gero, gyaɗa, man gyaɗa, manja, fulawa, sukari, zoɓo, citta, kanumfari, busasshen barkono, ki saye shi tun farkon wata, tunda kaka ba ta daɗe da wucewa ba. Ki cika tukunyar gas a lokacin, ki ajiye buhun gawayi, domin babbar tukunyar taro a kan gas asara ce. Dabba ma haka: a makon ƙarshe manyan motoci na kwasar awaki da kaji zuwa Kudu, farashi ya tashi. In kina da inda za ki ɗaure akuya, ki saye ta da mako biyu, ki riƙa ba ta dusa da harawa. Kayan gwari kuwa sai ranar 22 ko 23. Tumatirin rani na Kadawa da Kura da kewayen Zariya ya fara shigowa a wannan lokaci, kabeji da karas da dankalin Turawa na Filato ma suna nan. Albasa ce takan yi tsada a Disamba kafin sabuwa ta fito sosai, don haka kada ki yi mamaki. Ki je kasuwar Bakin Dogo da sassafe ki sayi kwando, ya fi miki sayen kashi-kashi a bakin layi.

Awo kuma, ki bar zancen mudu, don mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba. Ki riƙe ƙaramin gwangwanin madara: ɗaya ga babba, rabi ga yaro. Mutanenki gwangwani 15 ke nan na ɗanyar shinkafa, kimanin kilo biyu a girki ɗaya. Kowane kwanon maƙwabta ki lissafa masa gwangwani uku. In gida shida za ki kai wa, kin ga shinkafar maƙwabta ta fi ta cikin gida yawa, kuma nan ne lissafin mutane da dama yake ɓacewa. Akuya in an feɗe takan ba da kusan rabin nauyinta. Tun a faifai ki yanka naman daidai wa daida, ki ƙirga, ki ware na 25, na 1 ga wata, da na miyar sauran kwanaki, kowanne a mazubinsa. In kin bar shi a kwano ɗaya, yara da ƙannen miji za su yi miki rabon da kansu. A kaji, tsofaffin kajin ƙwai sun fi jure suya da ajiya. Na gidan gona masu saurin girma suna da tsoka, amma sukan dagargaje a tukunyar taro.

Tunda maƙwabtanki Musulmi ne, ki sa maigida ya kira mahauci ko wani daga cikinsu ya yi yankan, yadda gidaje da yawa suke yi a Kaduna da Jos da Zariya. Ki kuma bari su sani cewa haka aka yi, don su ci hankali kwance.

Yanzu ga inda aikin yake. Da firiji ɗaya da wuta mai zuwa ta tafi, ajiyarki a cikin kasko take. Ranar 24 da safe a yi yanka. Kayan ciki, kai da ƙafa su shiga farfesu a ranar, da citta da masoro da attaruhu. Shi ne abincin daren, da burodi ko doya, kuma da wannan sanyin babu wanda zai ƙi shi. Tsokar ki tafasa ta da gishiri da albasa da kayan ƙamshi, ki tsame ta sha iska, ki soya ta har ruwan jikinta ya ƙone, irin suyar da maƙwabtanki ke yi wa naman layya. Ki baza a kwando ya huce sarai, sannan ki rufe da tsabtataccen yadi saboda ƙura. Kada ki ɗaure shi a leda da ɗuminsa: gumin da zai yi a ciki shi ke kawo yauƙi da wari. Nama da ya soyu haka yakan yi kwanaki a bushewar hunturu, kina ɗan maimaita masa wuta. Romon shi ne mai saurin lalacewa, shi za ki ba wuri a firiji, domin da shi za ki dafa shinkafar gobe.

A ranar dai ki markaɗa tumatir da tattasai da attaruhu da albasa gaba ɗaya, ki dafa har ruwan ya tsotse ya yi kauri, ki soya da mai har man ya taso ya rufe samansa. Wannan tukunya ɗaya ita za ta zama miyar shinkafa, dafa-duka, miyar taushe in kin ƙara kabewa da gyaɗa da alayyafo, har da miyar doya da safe. Rabin ya shiga firiji a ƙananan robobi, wanda ya rage a waje ki tafasa shi safe da yamma, kuma da busasshen ludayi mai tsabta za a riƙa ɗiba. In an ɗauke wuta, a daina buɗe firijin: a rufe yakan riƙe sanyinsa kamar awa huɗu, ki kuma sayo ƙanƙara ki jera a ciki. Ruwan sha da lemo su koma randa da bokiti, sanyin gari ya ishe su.

Abu ɗaya zan ja miki kunne a kai, shinkafa. Mutane na ganin ana sanyi sai su sake, alhali da rana zafin Kaduna a Disamba yakan kai digiri 30. Akwai ƙwayar cuta da ke zama a ɗanyar shinkafa, dahuwa ba ta kashe irinta. In dafaffiyar ta yi ta zama da ɗumi-ɗumi sai ta farfaɗo ta saki guba, kuma ɗumamawa ba ya kawar da wannan gubar. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya take cewa kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a fili. Soyayyar shinkafa mai hanta da koren wake ta fi kowacce saurin juyawa, haka kwaɗon kabeji in an riga an zuba masa mayonis. Kada ki dafa shinkafa ƙarfe huɗu na asuba ki rufe a kula ki ce sai an taso daga sujada. Ki gama yanke-yanke da daddare, ki ɗora da safe daidai lokacin da za a ci, a zuba a kula da zafinta. Kwanukan maƙwabta su fara fita, tun abincin yana turiri. Mayonis kuwa sai an zauna cin abinci.

Waina da miyar taushe na da kyau ranar 26 ko ranar sabuwar shekara, amma ki tuna ƙullu ba ya tashi da wuri a hunturu. Ki jiƙa yis da ruwa mai ɗumi, ki kwaɓa tun da yamma, ki ajiye kusa da murhu a rufe. Cincin ki yi shi mako guda kafin su iso, bushewar iska na tsare masa ƙarfinsa. Zoɓo da citta yana jurewa. Kunun aya kuwa a yi a shanye a ranar.

Kwanakin tsakiya ba sa buƙatar dogon tunani. Safe kunun gyaɗa ko koko da ƙosai, ko ɗumamen tuwon jiya, wanda manya za su yi rububinsa. Rana faten tsaki da rama ko yakuwa, shinkafa da wake, dambu da zogale, alale, ko gwaten acha in dangin naku mutanen Kudancin Kaduna ne ko Filato. Dare tuwo. Ki rubuta a takarda ki manna a ƙofar kicin, saboda duk wadda ta shigo ta san abin da za a ɗora ba sai an tashe ki ba.

Kuma ki raba aikin. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Matan ƙannen miji kowacce ta ɗauki yini guda, samari su ɗauki ɗiban ruwa da kai niƙa da hura gawayi, 'yan mata wanke-wanke. Surukarki ki je ki durƙusa ki ce, "Mama, miyar ranar Kirsimeti hannunki nake so a ciki." Kin girmama ta, kin kuma rufe bakin masu cewa gishiri bai ji ba. Batun kuɗi ma maigida ya faɗa wa 'yan'uwansa tun yanzu. Mai zuwa daga ƙauye ya taho da masara ko doya ko kaza, ba abin kunya ba ne.

Gida zai cika, wasu za su kwana a falo, sanyin asuba kuma zai sa wani ya ce a shigo da kaskon gawayin da aka gama girki da shi. Ki hana. Garwashi a ɗaki rufe yana fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari, mutum yana barci take ɗauke shi. Kowane dare, kafin ki kwanta, ki kashe garwashin da ruwa a tsakar gida, ki rufe kan tukunyar gas da hannunki, domin iskar hunturu ba ta yi wa tartsatsi da wasa.