Masrahul Ƙaumi na Umdurman: wa ya gina shi, su wa suka raya shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Ustaz. Ni ɗaliba ce daga Gadarif. Babana yakan ba mu labarin Masrahul Ƙaumi na Umdurman, ya ce lokacin da yake aiki a can ba ya bari wasan Fadil Sa'id ya wuce shi. Ni kuwa ban taɓa shiga ba, ga shi yaƙi ya zo. Don Allah a ba ni tarihinsa. Gaskiya ne sojoji suka gina shi? Su wane ne manyan 'yan wasansa? Kuma mu Hausawa muna da wani rabo a cikinsa? Allah ya ƙara basira.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka, ya ƙara wa mahaifinki lafiya.

Gaskiya ne, Masrahul Ƙaumi, wato gidan wasan kwaikwayo na ƙasar Sudan, gwamnatin soja ce ta gina shi. Janar Ibrahim Abbud ya karɓi mulki ranar 17 ga Nuwamba 1958, aka buɗe gidan a Nuwamban 1959, cikin bukukuwan cikar mulkinsa shekara guda. Wanda ya tsaya a kan aikin shi ne ministan yaɗa labarai na lokacin, Janar Muhammad Tal'at Farid. An kafa shi a bakin kogin Nilu, jikin gidan rediyo, ba nisa da Ƙofar Abdulƙayyum da tsofaffin ganuwoyin laka da mayaƙan Mahadi suka bari a gaɓar kogin. Da aka buɗe talabijin a farkon shekarun 1960, ita ma nan ta zauna. Wannan maƙwabtaka ta yi wa gidan rana ƙwarai: ɗan wasa zai ɗauki shiri a rediyo da safe, ya hau dandamali da dare, talabijin kuma ta ɗauki wasan ta kai shi garuruwan da ba su taɓa ganin labule ya buɗe ba.

Wurin zaman 'yan kallo a fili yake, ba rufi. Kafin yaƙi, bayan isha'i iskar kogi takan taso, maza cikin fararen jallabiya da rawani, mata cikin laffaya, masu shayi da masu sayar da 'ya'yan kankana soyayyu sun jeru a bakin ƙofa. Wanda ya san zafin Umdurman zai gane dalilin da ya sa mutum zai kwaso iyalinsa ya zo ko da bai san sunan wasan ba.

Sai dai ki riƙe wannan: ginin daban, wasan kwaikwayon Sudan daban, kuma wasan ya girmi ginin da shekaru masu yawa. Ya fara ne a makarantu da kulob-kulob. Kulob ɗin tsofaffin ɗalibai na Umdurman, wanda aka buɗe a 1918, nan ne su Siddiƙ Farid suka riƙa yin wasanni da Larabcin littafi, yawanci waɗanda aka samo daga Masar da Sham. Sannan mutum biyu suka juya akalar. Ibrahim al-Abbadi ya rubuta Al-Mak Nimir a 1927, Khalid Abu al-Rus kuma ya fito da Tajuj a 1933, dukansu da Larabcin da mutanen Sudan ke magana da shi a gida da kasuwa, a tsare cikin baitoci irin na waƙar makiyaya. Labarin Tajuj ma na yankinku ne, gabas, wajen ƙabilar Hamran: kyakkyawar da mijinta Muhallaƙ ya nemi ta yi abin da al'ada ta hana, ta yarda bisa sharaɗin zai biya mata buƙata guda, da ya amsa sai ta ce saki take so. Baƙin cikin rabuwar ne ya kashe shi. A zamanin waɗannan wasanni na farko maza ne ke ɗaura laffaya su fito a matsayin mata, domin babu gidan da zai bar 'yarsa ta tsaya gaban taro. A kwalejin horon malamai ta Bakht al-Ruda kuma, kusa da Duwem, Dakta Ahmad al-Tayyib yana juya wasannin Shakespeare zuwa Larabci yana sa ɗalibai su yi. Malaman da suka fito daga can su suka yaɗa wasan makaranta a faɗin ƙasar.

Shekarun farko na Masrahul Ƙaumi ba na wasan kwaikwayo ba ne sosai. Abin da gwamnati ke so shi ne wurin biki: mawaƙa, 'yan rawa, ƙungiyoyin da ake gayyatowa daga ƙasashen waje, sai a saka ɗan gajeren wasan barkwanci tsakanin mawaƙi da mawaƙi don a ba makaɗa damar shan ruwa. A wannan 'yar kafa su Usman Humaida, wanda aka fi sani da Tor al-Jar, da Mahmud Siraj, Abu Gabbura, suka yi suna. Waƙa ba ta taɓa barin gidan ba ko daga baya. A Disamban 1968 Ummu Kulsum, shahararriyar mawaƙiyar Masar, ta zo ta yi waƙa a nan, cikin zagayen da ta yi don tara wa Masar kuɗi bayan yaƙin 1967 da Isra'ila, kuma bayan wannan ziyarar ne ta rera baitocin mawaƙin Sudan al-Hadi Adam.

A ganina, ranar haihuwar gidan ta gaskiya ita ce 1967, ba 1959 ba. A shekarar ne al-Faki Abdurrahman, wanda ya fito daga tarbiyyar Bakht al-Ruda ya kuma yi karatun wasan kwaikwayo a Ingila, ya kafa tsarin da ake kira mausim, wato zangon wasanni na kowace shekara. Ana karɓar rubuce-rubuce, a zaɓa, a ba kowane wasa daraktansa da 'yan wasansa da dararensa, a sayar da tikiti. Aka buɗe da Al-Mak Nimir ɗin nan na al-Abbadi. Kina iya cewa ai wannan tsarin ofis ne kawai, amma shi ya canza komai. Marubuci ya san idan ya rubuta akwai inda za a yi. Ɗan wasa ya san akwai aiki baɗi. 'Yan kallo suka saba da zama awa biyu ko uku a kan labari guda, ba jiran mawaƙi suke ba. Bayan shekara biyu, a 1969, aka buɗe makarantar koyon kiɗa da wasan kwaikwayo, wadda yanzu kwaleji ce a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan, ta riƙa ciyar da gidan da sababbin hannu.

Wani abu game da Al-Mak Nimir da mutane ke yawan ruɗewa a kai: ba labarin yadda sarki Nimir ya ƙone Isma'il Basha, jagoran sojojin da suka mamaye Sudan daga Masar, a Shandi a 1822 ba ne. Labarin Taha ne, saurayi daga ƙabilar Batahin, da 'yar baffansa Rayya. Ya kashe wani babba daga ƙabilar Shukuriyya saboda ita, ya gudu ya nemi mafaka wajen Nimir sarkin Ja'aliyyin. Abin da marubucin ke cewa tun 1927 shi ne a bar gabar ƙabilanci a zama ƙasa guda. Duk wanda ya ga abin da ke faruwa a Sudan yau ya san ba a gama sauraron wannan wasa ba.

To, Fadil Sa'id, gwanin mahaifinki. Shi yake rubutawa, shi yake fitowa, shi yake jan ƙungiyarsa. Mutane uku ya ƙaga da suka zauna a bakin jama'a: Bit Gudem, al-Ajab da Kartub. Bit Gudem tsohuwa ce mai kaifin baki. Zai ja laffaya ya rufe kai, ya ɗan ranƙwafa, ya sirance murya, kafin ya ce uffan wuri ya riga ya kece da dariya. Daga nan sai tsohuwa ta shiga zazzage tsadar kasuwa, da ma'aikacin da ba ya zama ofis, da 'yan boko masu ƙyamar gidan da suka fito. Hikimar a nan take: a al'adarsu, kamar a tamu, ba a kama tsohuwa da laifin baki, don haka abin da namiji mai rawani ba zai faɗa a gaban hukuma ba ita sai ta faɗe shi a tafa mata. Wasu masana sun raina aikinsa, suna cewa barkwanci ne na neman tikiti. Ban yarda da su ba. Shi ne ya ɗauki wasa ya zaga da shi lardi-lardi a mota da jirgin ƙasa, ya kuma nuna mutum zai iya rayuwa da wannan sana'a. A kan hanyar aikin ma ajali ya same shi, a Bur Sudan, shekarar 2005.

Shekarun 1970 su ne ganiyar gidan. Hamadnallah Abdulƙadir ya rubuta Khutubat Suhair, rikicin da ya tashi a gidan wani ma'aikaci a birni da aka zo neman auren 'yarsa, talabijin ta yi ta maimaita shi har yara suka haddace maganganunsa. Makki Sinada shi ne ginshiƙin wannan zamani, yana fitowa yana kuma ba da umarni. Sai Hashim Siddiƙ da Nabta Habibati a 1973, wanda ya ɗauko daga wata tsohuwar tatsuniyar Kurdufan: masarautar da bokaye ke duban taurari su yanke ranar da za a kashe sarki, har wani mai ba da labari ya zo, daɗin bakinsa ya shagaltar da su daga duban sama, al'adar ta rushe. Gwamnatin Numeiri ta fahimci inda aka dosa, ta dakatar da wasan. Hashim Siddiƙ ya sha ɗauri a zamanin, ya rasu a 2024 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, nesa da unguwarsa ta Banat. Kin ga gidan da soja ya gina don a yi masa biki ya zama inda ake gaya wa soja magana.

Tun da ke mace ce, bari in tsaya a kan mata. Asiya Abdulmajid ita ake ɗauka a matsayin mace ta farko da ta yi fice a dandamalin Sudan. Ta fito a wasan Bamsika a wannan gida a 1965, lokacin da juyin Oktoban 1964 da ya kawar da Abbud ya cika shekara guda, daga baya ta auri mawaƙi Muhammad al-Faituri, ta koma harkar renon yara da koyarwa. A watan Mayun 2023, makonni kaɗan da fara yaƙi, harbi ya same ta a Bahri tana da kimanin shekara 80. Ba a iya kai ta maƙabarta ba, a harabar makarantar yaran da take aiki aka binne ta. Allah ya jiƙanta. A bayanta Tahiyya Zarruƙ da Fa'iza Amsaib da Balƙis Awad suka biyo, kuma kowacce sai da ta sha maganar dangi da ta unguwa kafin a fara tashi tsaye ana yi mata tafi.

Daga 1980 abin ya fara ja baya. Kuɗi suka yi ƙaranci, zangon shekara ya riƙa yankewa, bayan juyin mulkin 1989 kuma dokar hana fita da dare da tace rubutu suka kori 'yan kallo, gwanaye da yawa suka yi hijira. Ƙungiyoyi masu zaman kansu irin su al-Asdiƙa suka riƙe wutar, Ali Mahdi kuma ya kafa bikin wasanni na Buƙ'a a 2000. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, unguwar rediyo da talabijin ta faɗa hannun Da'amus Sari, wato dakarun RSF da ke yaƙi da sojan gwamnati, ta zama fagen daga har sojoji suka karɓe ta a Maris 2024. 'Yan wasa suka watse, wasu Bur Sudan, wasu Alƙahira, wasu suna yi wa yara wasa a makarantun da 'yan gudun hijira suka sauka.

Saura rabonmu. Wadda za mu nuna da alfahari a wannan unguwa ta bakin kogi ita ce A'isha al-Fallatiyya, haifaffiyar Kasala, 'yar mutanen da suka taso daga ƙasar Sakkwato a kan hanyar hajji. A farkon shekarun 1940 ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a Rediyon Umdurman, ta yi da Larabci ta yi da Hausa, ta rasu a 1974. Duk macen da ta hau dandamali daga baya, ta ƙofar da A'isha ta buɗe ta shiga. Amma a fagen wasan kwaikwayo kansa, ba zan ɓoye miki ba, harshen gidan Larabcin tsakiyar ƙasa ne, labaransa na mutanen bakin Nilu ne. Sunansa na ƙasa, amma Hausa da Bija da Fur da Dinka ba su samu wurin da ya kamace su ba, kuma sau da yawa idan an fito da mutumin gefe, don a yi dariyar karin harshensa ne. Wannan yana ci mini rai har yau. Tun a shekarun 1970 Yusuf Aidabi yake kiran a yi wasan da zai ɗauki dukan mutanen Sudan.

'Yan Kudancin Sudan ba su zauna jira ba. A 1994 su Derik Uya Alfred da al-Sammani Luwal suka kafa ƙungiyar Kwoto a Khartum, suna wasa da harsunansu da raye-rayensu a unguwannin 'yan gudun hijira, har manyan zauruka suka buɗe musu ƙofa. Mu ma ba kayan aiki muka rasa ba. Kakanninmu sun baro tashe da 'yankamanci da wasan gauta a ƙasar Hausa, ga tatsuniya a bakin iyayenmu mata, ga labarin tafiyar da aka yi bayan yaƙin Burmi na 1903 har aka kafa Maiwurno a gaɓar Shuɗin Nilu, ga rayuwar gonakin auduga na Jazira da na riɗi a Gadarif. Idan a makarantarku akwai ƙungiyar wasa, ki shiga. Idan babu, ku haɗu ku biyar ko shida ku nemi izinin shugabar makaranta, ku fara da wasan minti 20 a tsakar makaranta, rabi Hausa rabi Larabci, yadda kuke magana a gida.