Dalilin da ya sa sabar take nauyi idan ɗalibai sun cika ɗaki

Malam, ka ce sabar Linux (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) ta cibiyar kwamfutarku da ke wajen Gumel tana aiki lafiya da safe, amma da zarar ɗalibai sun cika ɗaki sai ta yi nauyi, fitilar faifan ajiya kuma ta kama ƙyaftawa ba hutu.

Wannan alama ce ta ƙarancin RAM, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke amfani da ita lokacin aiki. Linux yana raba ƙwaƙwalwa zuwa shafuka, yawanci masu girman kilobait 4, kuma idan wuri ya ƙare sai ya kwashe wasunsu zuwa suwaf, wato wurin da aka keɓe a kan faifai don tallafa wa RAM. Da yake faifai ya fi RAM jinkiri nesa ba kusa ba, idan aka sake buƙatar shafin da aka fitar yanzu-yanzu, na'urar takan shagala da kai da kawowa, aikin ɗalibai ya tsaya cik.

Kafin ka kashe ko kwabo, ka buga umarnin vmstat 1 daidai lokacin cunkoso, ka duba layukan si da so, masu nuna abin da ake dawowa da shi daga suwaf da abin da ake fitarwa zuwa can. Idan lambobinsu ba sa komawa sifiri, matsalar ke nan.

Ina roƙonka kada ka kashe suwaf gaba ɗaya, domin idan RAM ya cika tsarin zai fara rufe manhajoji da kansa, wataƙila har da rumbun bayanan jarrabawa. Ƙara girman suwaf ma ba magani ba ne. Rage vm.swappiness, saitin da ke tsara saurin kwashe shafuka zuwa suwaf, daga 60 da ya saba zuwa da shi yana ɗan taimakawa, amma ƙarin RAM shi ne gyaran gaskiya.

Idan manhaja ɗaya ce take ta kumbura kullum tana ƙara cin RAM, ka nemi wanda ya rubuta ta ya bincika.