Ki Fara Da Matsalar, Rubutun Allo Ya Biyo Baya

Malama, sannu da ƙoƙari. Kin ce 'yan SS3 ɗinki gyangyaɗi suke yi idan kin shiga darasin gadon halitta, kina tambaya ko hanyar nan ta fara darasi da matsala za ta farkar da su. Ni dai ta yi mini aiki, amma da sharaɗi: matsalar ta zama tasu.

Hanyar ba sabuwa ba ce. A makarantar koyon likitanci ta jami'ar McMaster da ke Kanada aka fara ta a 1969, inda ake ba ɗalibai labarin marar lafiya tun kafin a karantar da su cutar. Mu a nan ba sai mun nemo marar lafiya daga nesa ba, domin sikila tana cikin unguwanninmu.

Kafin in ambaci Mendel, masanin da ya gano ƙa'idojin gadon halitta, da gwajin tsirransa, sai in rubuta musu wannan a allo: miji da mata lafiyarsu ƙalau, kowa AS ne (wato ya gaji ƙwayar halitta A mai lafiya da S ta sikila), sun haifi 'ya'ya uku, biyu suna da sikila. Dangin miji sun ce daga wajen matar ne. Shin gaskiyarsu ne? In raba su rukuni-rukuni, in ja bakina in yi shiru. Wannan shirun shi ne mai wuya, domin bakin malami ƙaiƙayi yake yi ya ba da amsa. Ki daure.

Bayan sun yi ta musu, sai in ba kowane rukuni leda biyu, kowace da farin wake da jan wake daidai-wa-daida, fari A, ja S. Su rufe ido su zaro ƙwaya ɗaya daga ledar uba, ɗaya daga ta uwa, su rubuta, su mayar, su sake. A nan ne suke gano abin da ko manya ke kuskurewa: kashi 25 cikin 100 na yiwuwar haihuwar mai sikila, wato wanda ya gaji S daga uwa da uba, ba yana nufin ɗaya tak cikin 'ya'ya huɗu ba ne, kowane ciki lissafinsa sabo ne. Ranar nan yaron da ke can bayan aji, wanda ba a taɓa jin muryarsa ba, shi ke tashi yana kāre matar, yana cewa ai sai uba ya kawo nasa S ɗin. Sai yanzu jadawalin Punnett, mai nuna abin da 'ya'ya za su iya gada daga iyaye, zai shiga kansu, don sun riga sun ga amfaninsa.

Ki kiyaye abu biyu. Kada ki tambayi kowa sakamakon gwajin jininsa a gaban aji, wataƙila akwai mai ciwon ko wanda ya rasa ƙani. Sannan hanyar tana cin lokaci, ga WAEC da NECO suna jira. Ni babi biyu ko uku nake zaɓa a zango, kamar wannan da tsargiya da zazzaɓin cizon sauro. Kuma duk ranar da muka yi haka, sai na rufe da rubutu a allo da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, in ba haka ba musun za su tuna, su manta da kalmomin da mai duba takarda ke nema.