Alhaji, ba kai ka gaji da golf ba, filayen ne

Alhaji, tambayarka ta sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Ka ce ka zaga filaye masu tsada a ƙasashen waje, ciyawa shar, tafki ko'ina, amma ka dawo gida ba ka iya tuna rami ko ɗaya, har kana tunanin ko wasan ne ya fita daga ranka. Wallahi ba kai ba ne.

Filin kirki shi ne wanda zai tsayar da kai kana shawara da zuciyarka kafin ka zaro sanda. Tsohon filin St Andrews na Sukotilan da farko raina shi za ka yi, fetal yake. Amma je ka rami na 17: ta saman kusurwar otal za ka buga, a girin (lallausar ciyawar da ke kewaye da ramin) kuma ga ɗan ramin yashi mai zurfi ta hagu, ga titi da katanga ta baya. Ka yi jarumta ko ka lallaɓa, kowanne da kuɗinsa. Gobe iska ta juya, lissafin jiya ya rushe.

Mu ma mun taɓa samun irin wannan a kulob ɗinmu, gajeren rami mai ɗan tudu gaban girin. Tsoho ya gangaro da ƙwallo ta ƙasa, matashi ya ɗaga ta sama, kowa ya isa. Sai wani shugaba ya zo, ya kawo katafila ya baje tudun, ya haƙa tafki, ya jera dogon yaro dama da hagu. Na miƙe a taro na roƙe shi. Buɗar bakinsa sai cewa ya yi, "To mai yawon duniya, kai za ka koya mana?" Aka kwashe da dariya, har da waɗanda suka zuga ni in yi magana. Har yau abin na ci min rai. Tafkin da rani ƙura, da damina sauro, dattawanmu kuma sun daina buga ramin don ba sa iya tsallake shi. Allah ya isa, ban ce komai ba.

Alister MacKenzie, wanda ya zana filin Augusta na Amurka tare da shahararren ɗan golf Bobby Jones, likita ne, kuma a yaƙin Afirka ta Kudu ya lura da yadda ake ɓoye ramukan yaƙi su saje da ƙasa. Shi ya sa tudun da ya gina sai ka rantse halitta ce.

Don Allah ka bar hawa 'yar motar nan ta cikin fili, ka taka da ƙafa, a tafin ƙafa ake jin gangare. Nemi kadi (mai ɗaukar maka sanduna) dattijo, ka saurare shi. Kada ka yanke wa fili hukunci a zagayen farko. Kuma kada ka raina namu: mu da muka tashi a busasshiyar ƙasar hunturu mun iya gangaro da ƙwallo, abin da filayen Sukotilan ke nema ke nan. In za ka leƙa filin Rayfield a Jos, wanda ke nan tun 1913, ka taɓa ni mu tafi tare, man mota a wuyana.