Wane gam ya dace da haɗa ƙaramin jirgin sama na katako?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ƙanena ya aiko wa ɗana mai shekara 13 kwalin ƙaramin jirgin sama na katako, irin wanda ake haɗawa da hannu, sannan a murɗa masa roba farfela ta juya ya tashi. Babu gam a cikin kwalin. Da na shiga kasuwa na tarar da Super Glue, da farin gam na kafintoci, da wani mai bututu biyu da ake gaurayawa. Wanne ya kamata in saya? Daga wani mai karatu a unguwar Ali Ɗan Sofo, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka sayi farin gam na kafintoci, da shi za a haɗa kusan dukkan jirgin, sauran biyun kuwa aikinsu kaɗan ne a wurare sanannu.

Galibin irin waɗannan jirage da katakon balsa ake yanka su, itacen da akasarinsa daga ƙasar Ekwado yake fitowa. Rashin nauyinsa ne ya sa aka zaɓe shi, domin bai kai rabin nauyin farin katakon da ake yin benci da shi ba, kuma yana da laushin da farce yake iya lotsa shi. Saboda haka abin da ake nema a wurin gam ba tsananin ƙarfi ba ne, tunda kowanne daga cikin ukun nan ya fi balsa ƙarfi. Abin dubawa shi ne kada ya ƙara wa jirgin nauyi, kuma ya ba mai haɗawa damar gyara kuskure kafin ya kama.

A nan farin gam ya yi wa sauran zarra. Da ruwa aka haɗa shi, idan ruwan ya bushe nauyinsa yana raguwa sosai, ba shi da wari mai hawa kai, kuma ana wanke shi daga hannu da ruwa. Mafi muhimmanci a wurina shi ne yana ba yaro 'yan mintuna ya daidaita haƙarƙarin fiffike a kan layinsa, domin fiffiken da ya karkace ko da kaɗan ne, jirgin zai riƙa zagaye maimakon ya miƙe. A shimfiɗa takardar zanen jirgin a kan allo mai laushi, a rufe ta da farar leda don kada gam ya manne mata, a kafe sandunan da allurai ta gefensu, ba ta tsakiyarsu ba, domin allura tana tsaga balsa. Da tsinken sakace ake ɗiga gam, ɗigo ɗaya a kowace mahaɗa, a share abin da ya ɓullo nan take. Bakin sanda, wato inda aka yanke ta, yana shanye gam kamar yadda yashi yake shanye ruwa, shi ya sa nake shafa masa sau ɗaya, in jira ya sha, in sake shafawa kafin in haɗa. Yana kamawa cikin rabin awa zuwa awa guda, amma a bar shi ya kwana kafin a cire allurai, kuma a bar aikin a inuwa, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafin Maradi yake haura digiri 40, domin bushewar gaggawa tana sa fiffike ya banƙare.

Super Glue kuwa ina jin tsoronsa a hannun yaro. Mutumin da ya gano sinadarinsa a Amurka a 1942, Harry Coover, da farko watsi ya yi da shi saboda yana manne wa duk abin da ya taɓa, sai a 1958 aka fara sayar da shi. Halinsa bai sauya ba: cikin daƙiƙoƙi yake haɗa yatsu biyu, tiririnsa yana yaji a ido, kuma idan ya zuba a kan auduga yana yin zafin da zai iya ƙona fata. Yana kuma daskarewa ya fi balsa tauri, sai ka ga lokacin gogewa samfefa ta cinye katakon ta bar ƙullin gam a tsaye. Amfaninsa na gaske shi ne gyaran sanda da ta karye bayan jirgin ya faɗo, kuma kai ne za ka ɗiga, ba yaron ba. Danshin iska ne yake sa shi kamawa, don haka da hunturu, lokacin da iska take bushe ƙayau, za ka ga ya ɗan yi jinkiri. Kada wannan ya sa ka ƙara zubawa, ka hura masa numfashi kawai, ido nesa da shi. Idan ya kama yatsu kada a fizge, a jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulu, ko a shafa ruwan goge jan farce mai asiton.

Mai bututu biyun shi ne efoksi. Yana da ƙarfi ƙwarai amma yana da nauyi, tunda ba bushewa yake yi ba, daskarewa yake yi da duk abin da aka zuba. A jirgin da roba take juya farfelarsa, wurinsa bai wuce inda wayar tayoyi take haɗuwa da katako ba, domin farin gam ba ya riƙe ƙarfe. A gauraya kashi biyun daidai wa daida, kamar ƙwayar wake, kuma a hanzarta, saboda zafi yana rage masa lokaci. Kada ya kusanci wutsiya, domin nauyi kaɗan a can sai an biya shi da nauyi mai yawa a hanci kafin jirgin ya daidaita.

Gam ɗin masu gyaran takalma da na kyandir da ake narkawa da bindigar lantarki, dukansu a bar su: na farko yana zama kamar roba, na biyun kuma yana da nauyi kuma yana saki a rana. Siririyar takardar da ake lulluɓe jirgin da ita kuwa, farin gam ɗin nan ya ishe ta, a sirka shi da ruwa rabi da rabi, a shafa da ƙaramin buroshi a gefen firam kaɗai.