Kun Tambaya, Mun Amsa: Harshen B da Abin da Ya Kashe Shi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne mai karatun kwamfuta a nan Yamai, ina zaune a Harobanda. Malaminmu ya ce kafin harshen C akwai wani da ake kira B, amma an daina aiki da shi. Mene ne aibinsa har aka yar da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ken Thompson ne ya ƙirƙiro B wajajen 1969 a ɗakin binciken Bell Labs da ke Amurka. Ya rage shi ne daga harshen BCPL na Martin Richards, don ya shiga cikin na'urar PDP-7 ta kamfanin DEC, wadda ma'ajiyarta gurbi 8,192 ne kacal, kowane gurbi bit 18 (bit shi ne 0 ko 1 guda). A kan wannan na'ura aka fara rubuta Unix, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta.

Ka riƙe kalmar gurbi, don duk zancen a kanta yake. A B babu nau'in bayanai. Ba ka cewa wannan lamba ce, wancan harafi ne, wancan kuma adireshi. Kome gurbi ɗaya ne, alamar da ka yi aiki da ita ce ke nuna yadda za a ɗauke shi: ka sa + ya zama lamba, ka sa * a gabansa ya zama adireshi. A PDP-7 wannan bai da laifi ko kaɗan, domin na'urar kanta gurbi-gurbi take ƙirga adireshi. Gurbi na 500, na bayansa 501.

Sai PDP-11 ta iso a 1970. Gurbinta bit 16 ne, amma adireshinta bayit-bayit take ƙirgawa, bit 8 kowanne. Ke nan gurabu suna zaune a 0, 2, 4, 6. B kuwa ya ci gaba da ƙirgarsa ta gurbi. Idan jerin lambobinka ya fara a gurbi na 500, a wurin na'ura bayit na 1000 ne. Abu na biyu B zai ce 501, na'ura ta ce 1002. Saboda haka duk sa'ad da aka bi manuni, wato gurbin da ke riƙe da adireshi, sai an ninka shi biyu tukuna, kuma a yayin da shirin ke gudana ake yin haka, sau dubbai. In kuwa aka yi kuskure aka nemi cikakken gurbi a adireshin da ba ya rabuwa biyu daidai, kamar 1001, na'urar yanke shirin take yi nan take.

Haruffa ma suka zama wahala. Na'urar tana iya ɗauko bayit guda kai tsaye, amma B ba shi da hanyar faɗin haka. Haruffa biyu ake cusawa a gurbi ɗaya, sai ka kira char(s, i) ka zaro na i, ka kira lchar(s, i, c) ka mayar. Aikin da na'ura ke gamawa da umarni ɗaya ya koma kiran aiki sukutum. Na uku, lamba mai ɗigo tana buƙatar bit 32 ko 64, ba ta shiga gurbi mai 16, kuma harshen da bai san kome ba sai gurbi ɗaya ba shi da inda zai ajiye ta. Ga kuma jinkiri: mafassarin B na waɗannan na'urori, wato shirin da ke juya B zuwa abin da na'ura ke ganewa, ba ya fitar da umarnin na'ura kai tsaye, jerin adiresoshin ƙananan ayyuka yake fitarwa ana bin su ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa zuciyar Unix ta zauna a harshen na'ura, aka bar wa B kayan aiki irin su dc, shirin lissafi.

Dennis Ritchie ya fara gyara a 1971, ya ƙara nau'in char na harafi da int na lamba, ya kira abin NB. Zuwa 1972 ya zama C, a 1973 aka sake rubuta zuciyar Unix da shi. A ganinmu B bai gaza don rashin dabara ba. An ɗinka shi ne daidai jikin na'ura ɗaya, da aka sake na'ura sai rigar ta ƙi shiga.

Tambaya: Malamai, barkanku da aiki. Ina koyar da C a wata makaranta a Tawa. Na samu wani tsohon shiri na B ina son in nuna wa ɗalibai, na juya shi zuwa C, ya wuce mafassari lafiya amma amsar da yake bayarwa ba daidai ba ce. Ina zan duba?

Amsa: Malama, barka kadai. Fara da alamar daidai. A B ana rubuta =+ da =-, ba += da -= ba. Don haka x=-1 a B rage ɗaya ne daga x, a C na yau kuwa sa x ya zama -1 ne. Mafassari ba zai yi ƙorafi ba, tunda duka biyun rubutu ne ingantacce. Wannan ruɗani ne ma ya sa aka juya alamomin a C. Bi shirin layi-layi, duk inda kika ga =- ko =+ ko =* ki juya su da hannu.

Daga nan ki duba cikin rubutun da ke tsakanin alamun zance. B da tauraro yake tserewa: *n sabon layi, *t tazara, *e kuma alamar ƙarshen rubutu. Madaukin da ke bin haruffa yana jiran *e ba zai taɓa ganinta a C ba, sai ya zarce cikin ma'ajiyar da ba tasa ba. Mayar da gwajin ya nemi sifili.

Sai & da |. B ba shi da && da ||; a cikin sharaɗin if alamar & ce ke yin aikin "da". Ki mayar da irin waɗannan su zama &&, ki bar & inda ake tace bit. Wannan tarihi ya bar wa C tabo har yau: & tana ƙasa da == a fifiko, don haka in aka rubuta a & 7 == 0 ana fara lissafa 7 == 0 ne. Ki sa baka ki kewaye a & 7. Ɗalibai na faɗawa wannan rami ko ba su taɓa jin sunan B ba.

Na ƙarshe shi ne faɗin gurbi. Shirin da aka rubuta wa PDP-11 ya san lamba ba ta wuce 32,767. A can 200 sau 200 ba 40,000 yake bayarwa ba, -25,536 ne. Idan shirin ya dogara da wannan juyawa, kwamfutarki mai int na bit 32 za ta ba da wata amsa dabam. Yi amfani da int16_t, nau'in lamba mai bit 16, wajen lambobi. Amma kada ki zuba adireshi a cikinsa yadda B ke yi. Ware kowane gurbin da aka sa wa * a gaba ki ba shi nau'in manuni. Kalmar extrn kuma ki mayar da ita extern, ki ƙara wa kowane gurbin da aka bayyana da kalmar auto nau'insa.

Tambaya: Ni mai gyaran lantarki ne a kasuwar Katako, ina haɗa allon Arduino don kunna famfon sola. Wannan tsohon zance ya shafe ni?

Amsa: Ya shafe ka, maigida, ta wuri ɗaya. Arduino Uno int ɗinsa bit 16 ne kamar na PDP-11, ma'ajiyar aikinsa bayit 2,048. Idan ka rubuta 60 * 1000 don famfo ya yi minti ɗaya, tunda daƙiƙa ɗaya 1000 ce a ƙirgar allon, lissafin zai cika ya juye kafin a ajiye shi, ko da ka tanadar masa unsigned long, nau'in lamba mai bit 32. Rubuta 60UL * 1000, sai a yi ninkin a bit 32 tun daga farko. Ƙimar millis(), mai ƙirga lokaci tun kunna allon, ita ma a unsigned long za ka riƙe ta, kuma ka riƙa gwada bambancin lokaci biyu ta hanyar ragewa, domin ƙirgar tana komawa sifili bayan kusan kwana 50.